Sunan da Kika Sa a Waƙata

Ummi! Ummi na. Assalamu alaikum. Kina ina yanzu, jirgin ƙasan ya kai ku ina? Na kira ki sau biyu wayar tana ta yi min wannan maganar tasu ta Sinanci da ba na ganewa, na ce to ko kuna cikin ramin dutse ne. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare min ke gaba da baya, ya sauke ku cikin aminci. Dambun naman yana ƙasan jaka cikin leda biyu, kar ki bari ya haɗu da kayan sawa, mai zai ɓata su.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san ni aji huɗu na tsaya, da yatsa ɗaya nake dannawa. Na so in yi miki da murya, sau uku ina gwadawa, da na fara sai in goge. To gara in rubuta. Ki karanta har ƙarshe, kar ki tsallake kamar yadda kike yi wa saƙona, na san kina yi.

Ummi, na je jiya. Na gan ki.

Kar gabanki ya faɗi, ba faɗa zan yi ba. Ranar Talata da nake wanki na tsinci wata takarda mai ƙyalli a aljihun rigarki. Rubutun ban san me ya ce ba, amma hoto ai ba ya buƙatar makaranta. Ga jirgin ruwa, ga mutane a jere cikin kayan da, ga ki can gefe, rabin fuskarki ce kawai ta fito, amma ni na haife ki. Kin ce wa Abbanki aikin tafinta za ki bi masu wasan nan ki yi musu wata biyu a garuruwan arewa. Na san da tafintar kika fara, ban ce kin ƙirƙira ba. Amma tafinta ba a sa hotonta a takarda.

Na kai wa Hajiya Memuna maƙwabciyarmu, 'yar Kumasin nan, ita ta nuna wa mai shagon ƙasa ya karanta mata, ya ce wasan waƙa ne na tarihin garin nan, yadda jiragen fatake suke zuwa tun zamanin da, kuma na jiya bayan azahar shi ne na ƙarshe kafin su tafi yawo. Ita ta saya mana tikiti, ita ta riƙe hannuna a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na sauke tukunyar tuwo da wuri na ce wa masu zuwa cin abinci meyo, yau babu, kaina ke ciwo. Kin ga ni ma na yi tawa ƙaryar kafin in je kallon taki.

Wurin sanyi kamar cikin firji. Shekara goma sha ɗaya ina garin nan ban taɓa sanin akwai ɗaki irin wannan ba, ni da ba na wuce unguwarmu Xiaobei da kasuwar kayan miya. Makaɗan suna cikin wani rami a gaban dandamali, kawunansu kawai ake gani, akwai masu gogen nan nasu mai tsirkiya biyu, akwai manyan ganguna, har da wani bature mai jita. Aka kashe fitilu, sai ga jirgin ruwa guda ya shigo, wallahi sai da na ɗaga ƙafata, na zaci ruwan gaske ne ashe yadi ne suke kaɗawa. Ban gane ko kalma ɗaya ba, amma na gane wane ne mugu, na gane wace ce ake so. Waƙa ai ba ta da wuyar ganewa.

Sai ga ki kin fito cikin shuɗin zane, ke kaɗai, a matsayin matar wani baƙon falke da ke jiran mijinta a bakin ruwa. Abin da na fara dubawa ɗankwalinki ne, na ga ya zauna daram, na ce alhamdulillahi. Hajiya Memuna ta dinga zungurina da gwiwar hannu tana cewa, Maman Ummi, yaron ka ne wannan, kai, ya yi kyau paa! Kin san Hausarsu, kowa namiji ne a bakinta. Na ce Hajiya ki yi shiru za a fitar da mu.

Kika buɗe baki. Ummi, da Hausa. Kuma waƙata.

Ruwa ya tafi da kwale-kwale, ni ina nan bakin gaɓa. Ayye ruwa, maido min nawa.

Waƙar da nake yi ina tuƙa tuwo, wadda kike ji tun kina goye. Mai gogen nan ya bi ki a hankali, wurin ya yi tsit, wata tsohuwa a gabana tana share ido alhali ba ta san me kike cewa ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba, muryarki ta fi tawa tsawo, kin iya ajiye numfashi. Amma ina jin daɗin ina jin tsoro, don na san baitin da ke tafe.

In an tambaya 'yar wa ce, ku ce 'yar wane ce.

Kin san a nan wurin ba na faɗin komai, sai in yi mm mm in wuce. Ke kuwa jiya kika cike gurbin. Kika faɗi sunan Abbanki cikakke, har da na mahaifinsa, har da sana'arsa ta loda kaya, mai kago na ginin Tianxiu. A lasifika. Sinawa sun ji kiɗa ne kawai, suka tafa. Amma layi uku a gabanmu akwai huluna biyu irin namu, ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka tun da ya ji Hausa. Da kika ambaci sunan sai ya juya ya kalli ɗan'uwansa. Na ga gefen fuskarsa. Alhaji Sabo ne, mai sarin takalma a kasuwar Zhanxi Lu, wanda Abbanki ke loda wa kaya, wanda ke cin tuwona duk zuwan da ya yi. Na ja mayafina na rufe fuska har aka tashi.

Na san abin da kika zata. Kin zata kunyar faɗin sunan miji ce take sa ni yin mm mm, kamar yadda ba na faɗin naki na yanka tunda sunan surukata ne. Kin ce bari ki faɗa a madadina, ki girmama shi. Allah ya yi miki albarka da niyyar. Amma ba sunan Abbanki ne a gurbin nan ba. Sunan nawa uban ne, kakanki da ba ki taɓa gani ba. Zauna da kyau ki ji abin da ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan ba.

Ni 'yar amshi ce. Shekara biyu na yi ina bin wata mai kiɗan ƙwarya a Haɗeja, Inna Dije, Allah ya jiƙanta. Ina da shekara goma sha shida na fara. An yi biki a maƙwabta, suka zo da ƙorensu suka kifa a kan ruwa cikin baho, ina tsaye a bayan taro ina amsa musu ban ma san ina yi ba. Inna Dije ta tsayar da kiɗa ta ce wace mai muryar nan, ku matso min da ita. Shi ke nan na shiga.

Kuskurena na farko irin naki ne sak. Baba maɗinki ne a bakin gada, mutum mai shiru, ba ya duka ba ya zagi. Na ce masa kitson amare nake zuwa yi. Kuma ina yi ɗin, da safe in yi wa amarya kitso, da yamma in zauna bayan Inna Dije. Na dinga gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Ummi, rabin gaskiyar nan ya fi ƙarya wahalar ɗauka, don ita ƙarya kin san kin yi, shi kuwa kullum kina lallashin kanki. Duk safiya zan durƙusa in gaishe shi, ya ce Allah ya ba da sa'ar kitso, in ce amin. Shekara biyu.

Akwai ƙananan kurakurai da na yi a cikin sana'ar, bari in ba ki su tunda kin shiga, ba zan so ki biya su da jikinki ba.

Murya. Ni na ɗauka ba ta ƙarewa. Wata rana a wani biki lasifika ta lalace, na ce ni zan iya ba ita, na dinga ƙwala amshi tun la'asar, na gama na sha ruwan ƙanƙara kofi biyu. Washegari ko sallama ban iya ba. Kwana tara ina magana da hannu, na ce wa Baba mura ce. Tun daga nan akwai wani hawa da muryata ba ta sake kaiwa ba, shi ne wanda kika kai jiya ba ko wahala. To ki riƙe shi. Mutanen nan da kike yi wa dariya suna yawo da gorar ruwan zafi ko da rani, sun fi mu gaskiya. Na sa miki citta da kanumfari a cikin gwangwanin madara, zuma tana aljihun gefe. In kin ji kaikayi a maƙogwaro ki gaya wa lawban ɗin naku, shugaban wasan, tun da wuri, kar ki ce za ki daure. In an tashi wasa kowa yana hayaniya, ke ki yi shiru ki naɗe wuyanki. Can arewa an ce sanyinsu ba irin na nan ba ne, rigar nan mai kauri da kika ce ta tsofaffi ce na cusa ta a ƙarƙashi, ki sa ta, ba wanda ya san ki a can.

Sai girman kai. Inna Dije ta koya mana abu ɗaya, ta ce 'yar amshi ba ta kallon taro, bakina za ki kalla, in na ja numfashi ki san kin kusa shiga. Na bi na wata shida. Da na fara jin mata suna cewa yarinyar nan ta fi uwar ɗakinta murya, sai na fara kallon taro. Rannan na shigo tun ba ta ajiye baiti ba, na danne ta, na ƙara da wani lanƙwasa nawa. Mata suka yi guɗa. Sai da muka koma gidanta, ta ba kowa abinci, ta ce Hanne, kin ji daɗin guɗar? Na ce eh Inna. Ta ce to masu guɗar sun tafi gidajensu, mu ne nan za ki kwana da mu. Sauran 'yan amshin suka yi sati uku ba mai ara min ko tsinken kitso. Jiya na lura da ke, da aka tafa miki kin daɗe a tsaye, har yarinyar da ke biye da ke ta fito tana jira ki matsa. Na ga fuskarta. Ki neme ta a jirgin nan ki ba ta dambu. Wata biyu za ku yi ɗaki ɗaya, mota ɗaya. Masu ɗaura miki zane, masu kunna fitila, makaɗan cikin ramin nan da ba a ganinsu, ki gaishe su kullum, ko shiye-shiye, na gode ɗin nan tasu, kawai ki ce. Mai gogen nan shi ya ɗauke ki jiya, sau biyu kin yi sauri ya biyo ki, ke ba ki sani ba, ni na sani.

To ga babban.

Ita waƙar kwale-kwale ni na yi ta, a bakin kogi ina wanki. Inna Dije ta ji ta ce ta yi, ranar bikin gidan wani mai shanu za ki ja mu mu amsa. Ranar farko ke nan da zan ja waƙa. Kin san al'adar mawaƙanmu, in kin fito sai kin faɗi ko ke 'yar wa ce, a san ba daga sama kika faɗo ba. Inna Dije tana faɗin na ubanta kullum, amma ita nata ya daɗe da rasuwa, kuma shi ma makaɗi ne. Ni ban yi wannan tunanin ba. Daɗi ya ɗebe ni, na faɗi sunan Baba gatsal, ba Malam ba komai, har da maɗinki na bakin gada. Ni da ko a gida ban taɓa furta sunan ba, ko a wasiƙar nan ba zan iya rubuta shi ba.

Ashe akwai mai rikoda a wurin. Zamanin kaset ne. Sati biyu sai ga waƙar a kasuwa, kuma mai sayar da kaset rumfarsa tana kallon ta Baba. Ranar kasuwa ya ƙure lasifika. An ce Baba yana kan keke yana ɗinki, ya ji sunansa, ya ɗauke ƙafa. Mutane suka fara leƙowa, wani na dariya, wani na cewa Malam ashe kai ne uban zabiya, barka. Wasu ma da zuciya ɗaya suke faɗa, sun zata ya sani.

Ya dawo gida da azahar, lokacin da bai saba ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Ya ce Hanne. Na ce na'am Baba. Ya ce tun yaushe? Na ce shekara biyu. Ya daɗe yana kallon rariyar da ke hannuna. Sai ya ce, duk kasuwa sun san 'yata, ni kaɗai ne ban san ta ba. Ya shiga ɗaki.

Abin da ya faɗa ke nan, Ummi, bai ƙara ba. Bai ce waƙa haram ba, bai ce na zubar masa da mutunci ba, bai hana ni ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Kin ga a nan ne ya kamata in bi shi ɗakin in durƙusa in ba shi labari tun daga farko. Ban bi ba. Kunya ta hana ni. Na ce gobe. Gobe na ce jibi. Kwana shida na tattara kayana na ce zan je Kano taya Gwaggo aiki, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na bar waƙa daga ranar, ba wanda ya sa ni. Shekara uku ina zuwa da salla, in gaishe shi, ya amsa, ya ɗinka min atamfa, mu yi maganar ruwan sama da tsadar zare. Ko sau ɗaya ba mu taɓo zancen ba. Kullum ina cewa zuwa na gaba. Sai aka aiko ya rasu, zazzaɓin kwana biyu.

Da ake raba kayansa aka buɗe ɗan akwatin jikin keken ɗinki, inda yake ajiye allura. Kaset ɗin yana ciki, an naɗe shi da ƙyallen atamfata. Har yau ban sani ba, ji yake yi in ba kowa, ko kuwa saye ya yi don ya rage guda ɗaya a kasuwa. Shekara kusan talatin ina juya wannan tambayar ina tuƙa tuwo. Ba wanda zai ba ni amsa. Shi ya sa nake mm mm.

Yanzu kin gane abin da ke cina. Ni ba waƙarki nake tsoro ba. Zamanina sati biyu kaset ya yi kafin ya isa kasuwa. Yanzu waya ce, kuma Tianxiu kin san ta, in mutum ya yi atishawa a hawa na biyu kafin ya goge hanci an yi masa sannu a hawa na tara. Jiya Allah ya taimake mu Abbanki yana wurin loda kontena tun safe, bai shiga ofis ba. Yau ya shiga. Kuma yau Juma'a, duk 'yan Kano za su haɗu bayan masallaci. Alhaji Sabo ba mugu ba ne, wannan ne ma abin tsoron, da murnarsa zai miƙa masa waya ya ce Alhaji ashe haka 'yarka ta iya, ka ɓoye mana. Abbanki zai tsaya a gaban mutanen da yake yi wa aiki, ya ji sunansa da na mahaifinsa a bakin 'yarsa, ya rasa ko murmushi zai yi ko me. Mutumin da yake gaya wa kowa Ummi tafinta ce, Sinanci a bakinta kamar ruwa, ita za ta riƙe min ofis.

Ban san me zai ce game da waƙar ba, ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba. Wataƙila ya ce ki dawo a jirgin gobe. Wataƙila ya yi fushi na wata guda. Kin san shi da faɗa kamar ruwan bazara, ya zubo ya ɗauke. Duk wannan mai sauƙi ne, ana gyara shi. Wanda ba ya gyaruwa shi ne ya zama na ƙarshen sani. Ki kira shi. Ba saƙo ba, kira, ya ji muryarki tana rawa. Ki ce Abba na yi maka rabin magana, ga sauran. Ki gaya masa kin ambaci sunansa, ki gaya masa dalili, cewa alfahari kike da shi. In ya yi shiru kar ki kashe, ki jira. In ya kashe ki sake kira. Kar ki ce sai kin sauka, kar ki ce sai kin huta, ni na san inda gobe take kai mutum.

Kuma kar ki zata ina gaya miki abin da ni na iya. Abbanki bai san komai a kan Inna Dije ba. A gidan Gwaggo ya gan ni, a can danginsa suka yi tambaya, aka ce yarinya mai kunya ba ta ko ɗaga murya. Shekara ashirin da huɗu da aurenmu. Wani lokaci in ina waƙa a kicin sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, ke da kin yi waƙa da kin ci abinci da ita, in ce kai Alhaji rufa min asiri, ya yi dariya ya wuce. Sau nawa bakina ya buɗe ya rufe. To yau zan gaya masa. Na yi alwala na yi raka'a biyu na ɗauki niyya. Zan ce waƙar tawa ce, a bakina ta ji, in akwai laifi daga nan ya faro. Amma wannan nawa ne, ba zai biya miki naki ba. Ba zan riga ki faɗa masa kina kan dandamali ba, daga bakinki nake so ya fito.

Na ma sake yin kuskuren jiya da yau, kin gani. Kika dawo da yamma da sauran kwalli a idonki kika ce min aiki ya yi yawa Mama, na ce sannu, na zuba miki abinci. Da safe na raka ki har bakin lifta, na gyara miki mayafi, bakina cike da magana, na ce Allah ya kiyaye hanya. Ƙofar ta rufe sai na ji abin da na faɗa. Kalmar Baba ce, ita ce dai ya gaya min ranar da zan tafi Kano. Na dawo na zauna a kan buhun shinkafa na yi kuka har albasar da na ɗora ta ƙone. Ashe shi ma wataƙila bakinsa cike yake.

Sauran ƙanana kar in manta. Fasfonki a jikinki kullum, ba a jaka ba. Takardar izinin da suka ce makarantar da kike karatu ta ba ki na yin wasan, ki gan ta da idonki ki ɗauki hotonta, kar ki yarda da an ce. Abinci ki nemi shagon musulmin nan masu farar hula da ke jan taliya da hannu, ko wane gari akwai su an ce. Salla kar ki bari wasa ya cinye ta, na san bayan dandamali ba wuri, ɗan ƙyallen da na sa miki ya isa ko a lungun kaya ne, ki yi alwala kafin a shafa miki fentin nan. In wani ya ce ki fito ku sha shayi ku biyu don ya ji daɗin muryarki, ki tafi da yarinyar nan da na ce ki ba dambu. Kuma baitin nan, har sai Abbanki ya ba ki izini da bakinsa, ki bar gurbin. Mai gogen zai cike miki, ya iya.

In kuwa ya ba ki izini, Ummi, in Allah ya sa ya ba ki, ina da roƙo ɗaya. Sau ɗaya kawai, a wani gari mai nisa inda ba Bahaushe ko ɗaya, zan gaya miki sunan kakanki a kunne ki

Tsaya. Ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Ko la'asar ba a yi ba. Abbanki yana da makulli, ba ya ƙwanƙwasawa sai in da baƙo ya zo, don in sa mayafi. Ina jin muryarsa. Akwai wani tare da shi yana dariya, dariyar Alhaji Sabo ce. Ta Abbanki ban ji ba.

Ummi ki kira shi yanzu, yanzu, ko kina tsakiyar mutane, zan yi jinkirin neman mayafi. Allah ya tsare min ke, Allah ya yi miki albarka, Allah ya sa ki riga

sun sake bugawa, ina zuwa